Kalankuwar Baba Iliya

Mahaifina Iliyasu bai taɓa kiran sunan yayana da bakinsa ba. Khalilu ne ɗansa na fari, kuma a Tudun Ɗinya, ƙauyenmu da ke arewa da Kano, mutum mai mutunci ba ya ambatar sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban jama'a. In yana nemansa sai ya ce da ni, "Huseina, kira min yaron nan." Yaron nan kuwa har ya yi gemu ya tara 'ya'ya yana nan a yaron nan. Ni da na zo daga baya ni aka ɗora a cinya, ni ake sayo wa alewa ran kasuwa. Ban taɓa jin Yaya Khalilu ya yi ƙorafi ba, domin a haka duk 'ya'yan fari na garin suka tashi.

Baba dogo ne siriri, maganarsa ba ta da yawa, kuma ba abin da ya sani sai gonar gandu da ya gada. Yana saurayi aka ɗebe shi soja lokacin yaƙin duniya aka kai shi Boma, shi ya sa ake ce masa Iliya Boma. Ba ya ba da labarin yaƙi. In ka tambaye shi ko ya taɓa harbin mutum, sai ya naɗe tabarmarsa ya ba ka wuri. Labari ɗaya tak yake bayarwa, mun ji shi har mun haddace. Da ya ɗauko shi mahaifiyarmu Inna Kulu za ta ce, "To, an tafi Japan, a rufe masa tuwonsa."

Ya ce bayan an gama yaƙi ba a sallame su nan da nan ba, sai aka sa su gadin sojojin Japan da suka miƙa wuya, a wani sansani da aka kewaye da waya. Mutanen sun rame har kana ganin haƙarƙarinsu daga inda kake tsaye, kuma ba a daɗewa ba a fita da gawa ba. Ana nan a tsakiyar damina, ga ruwa ga zafi, sai ya lura masu dafa musu abinci suna rage shinkafar da ake auna musu suna tarawa a gwangwani, sauran kuma ba wanda ya ɗaga murya. Ya ɗauka shirin gudu suke yi. Ashe biki suke shiryawa.

Ranar da suka sa, da la'asar, suka kafa ɗan dandamali na gora a tsakiyar fili, suka ɗora gangar mai da suka rufe wa baki da tsohon tanti, suka rataya fitilun takarda da suka liƙa da hannunsu. Aka zana da'ira a ƙasa, maza biyu-biyu suna shiga daga su sai bante, suna kokawa irin tasu. Ba sai ka kai mutum ƙasa ba, in ka ture shi ya fita daga zanen ka ci. Baba ya ce abin ga dariya ga ban tausayi, ƙashi yana ture ƙashi. Sannan aka raba shinkafar, an dunƙule ta kamar dunƙulen fura, da ɗan gishiri. Wani mai furfura a cikinsu ya zo bakin waya ya miƙo masa guda da hannu biyu yana sunkuyar da kai. Baba ya karɓa, ya yi bismilla ya ci. Daga nan mai ganga ya hau, suka yi layi suka kewaye dandamalin suna tafiya a hankali, taku gaba, taku baya, a ɗaga hannu, a tafa, duk a tare. Ba tsalle, ba guɗa, kuma da yawansu hawaye na zuba suna rawar.

Tafinta ne ya yi masa bayani. A ƙasarsu, in zafi ya kai tsakiya, kowane gari yana irin wannan biki. 'Yan mata su sa riguna marasa nauyi da ɗamara mai faɗi, masu abinci su jera rumfuna ana gashi ana suya, yara su tsuguna bakin kwano suna kamun ƙananan kifaye da ɗan ludayin takarda kafin ya jiƙe ya yage. Duk wanda ya tafi neman abinci wani gari, komai nisa, a lokacin yake komawa gida. Har cewa suke matattunsu ma suna leƙowa.

"Wannan kam ban bi su ba," haka Baba yake cewa in ya zo nan. "Wanda ya tafi ya tafi, Allah ya ji ƙan magabata. Amma zancen masu rai, ai kalankuwarmu ke nan."

Gaskiya ya faɗa. A wurinmu in an gama girbi an kai dammuna rumbu, sarkin samari yake sa ranar kalankuwa, a aika goro ƙauyukan maƙwabta. Masu kalangu su zo, 'yan dambe da 'yan kokawa su share fili, samari suna langa, 'yan mata sun sha lalle suna gaɗa. Kowane gida ya dama fura da sabon gero, a toya waina da ƙosai, baƙo ya shiga duk gidan da ƙafarsa ta kai shi. Abin da ya fi duk wannan shi ne, ɗan Tudun Ɗinya ba ya fashin kalankuwa. Wanda ke Kano, wanda ke Ikko, wanda ya yi fushi ya bar gida, duk za su zo, kuma ba mai tambayar mutum me ya kawo shi. Kalankuwa ya zo. Rigingimu da yawa sun mutu a haka ba tare da wani ya buɗe baki ya ba da haƙuri ba, abin da mazan garinmu suke tsoro fiye da kunama.

Sai fari ya shigo a farkon shekarun tamanin. Damina ta fara ta ɗauke, gero ya fid da kai ba ƙwaya, dawa ta bushe a tsaye. Yaya Khalilu ya ce da Baba a bar shi ya shiga birni ya yi dako ya riƙa aiko da hatsi, tunda gandun ya kasa ciyar da gida. Shawara ce mai kyau, amma a ƙofar masallaci ya yi ta, a gaban mutane, Baba kuwa ya ji kamar an ce ya gaza riƙe iyalinsa.

"Wanda ya gaji da gandu, ga hanya nan, ba a rufe ta ba," ya ce, ko kallonsa bai yi ba. "Amma in ya bi ta, kada ya ce ni na aike shi."

Washegari Yaya ya kwashe matarsa da 'ya'yansa ya kama ɗaki a Bacirawa, a gefen birni. Ba wani nisa ba ne, mai keke yana zuwa ya dawo a yini. Amma bai zo ba. Shekarar nan ba a yi kalankuwa ba, don ba abin da za a dama. Sallah ta zo ta wuce, ya aiko wa Inna da sabulu da 'yar masara, bai tako ba, saboda gaisuwar Sallah takanas ake zuwa a durƙusa gaban uba, shi kuma yana ganin an kore shi.

Baba ya daina zuwa Japan. Ya mayar da tabarmarsa ƙofar gida ta ɓangaren da ke kallon hanyar mota. Duk wanda ya dawo daga Kano sai ya tsare shi da tambaya: ya birni, ya tsadar hatsi, ya masu dako suke fama, an ce wajen Bacirawa akwai zazzaɓi, gaskiya ne? Ya yi ta kewaye-kewaye har mutumin ya gaji, tambaya ɗaya da ke cin ransa kuwa ba zai yi ta ba. Lokacin ina gidan mijina a cikin garin, kullum ina leƙowa. Ni bakina ba ya riƙe magana, don haka wata rana na ce masa, "Baba, ka aika a kira shi mana."

"Ni zan yi bikonsa? Matata ce?" Ya juya min ƙeya, na tashi raina a ɓace.

Shekara ta biyu ta fi ta farko muni. Mun ci dusa, mun ci tafasa da rama ba ƙuli, mun ga cikin yara ya kumbura gashinsu ya yi ja. A unguwarmu kaɗai an kai yara kushewa fiye da yadda nake son tunawa. Da kaka ta zo, in ana iya kiran wannan kaka, dattawa suka taru a gindin tsamiya, mijina yana wurin, shi ya ba ni labari. Baki ya zo ɗaya cewa bana ma ba kalankuwa. Liman ya ce abin kunya ne a ji ganga a garin da ƙasar kabarin yaransa ba ta bushe ba, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Sai Baba ya miƙe, mutumin da ko yana saurayi ba a taɓa ganin ya taka rawa ba.

"Na ga mutanen da ba su san ko za su sake ganin gida ba," ya ce, "sun rage cikinsu sun yi bikinsu. Mu muna kan ƙasar iyayenmu. Samarinmu sun watse. In muka ƙara shekara ba mu ba su dalilin zuwa ba, za su koyi zama ba mu."

Wani daga baya ya ce, "An tafi Japan," amma dariyar ba ta kama ba. Kowa ya san wa ake nufi da samarinmu, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba. Liman ya dube shi ya ce, "Da me za ka ciyar da su, Malam Iliya?"

"Furar tana wuyana. Ba gidan da za a nemi ko tsaba ɗaya."

Liman ya yarda, da sharaɗin yini ɗaya ne, a buɗe da addu'a, a tashi kafin magariba.

A bayan ɗakin Inna akwai ɗan ƙaramin rumbu da aka like bakinsa da laka. Nan Baba yake ajiye iri, zangarniyoyin da yake zaɓa da hannunsa kowace shekara, geron da ya gada daga mahaifinsa. A gidan manomi ana sayar da akuya, ana sayar da kwanon aure, ana kwana da yunwa, amma ba a taɓa iri. Duk dusar da muka ci a gidan nan, rumbun nan yana rufe muka ci ta. Ina tsakar gida Baba ya ɗauko fartanya ya fasa lakar. Inna ta saki muciyar da ke hannunta.

"Malam, iri ne fa."

"Na sani. Ni na zuba shi."

"In ruwa ya sauka me za ka shuka?"

"In ruwa ya sauka wa zai shuka?"

Inna ta goge ido da gefen zane ta mirgino turmi. Ni da ita muka sussuka, muka sheƙe, muka surfa, muna daka muna kuka. Baba ya ja mana kunne cewa kada ya ji zancen a waje, don haka mutanen gari suka ɗauka wani tsohon abokinsa na soja ne ya taimaka masa.

Ban taɓa ganin kalankuwa mai rama irin wannan ba. Furar tsararo ce, ba nono sai ruwan tsamiya. Kunya ta sa wasu gidajen suka fito da abin da suka ɓoye, wannan ɗan kwaɗon zogale, waccan tafin hannu na gyaɗa. Makaɗi ɗaya ne ya zo, tsoho, da kalangun da aka yi wa faci. Dambe kam ba a yi ba, don ba mai ƙarfin ɗaga hannu, 'yan kokawa kuwa da sun riƙe juna kaɗan sai su saki suna haki. Amma 'yan mata sun sa lalle, sun wanke tsofaffin zannuwansu, suka yi da'ira suka fara gaɗa da muryoyin da suka daɗe ba su ɗaga ba. Kuma mutane sun zo. Tun hantsi ake saukowa daga hanyar mota, na Kano, na Zariya, har da wanda aka ce ya mutu a Kudu. Tsofaffi mata suna rungumar jikoki suna guɗa suna hawaye.

Baba ya shimfiɗa tabarma a gefen fili, ya ba wa masu rawa baya, fuskarsa na kallon hanya. Azahar ta yi, aka yi salla aka dawo. Sai dab da la'asar na hango wani mutum yana tahowa da yaro a wuyansa, na gane tafiyar tun kafin in gane fuskar. Na yar da ludayin da nake rabon fura na ruga ina ihu kamar ba matar aure ba. Yaya Khalilu ya rame, ya yi baƙi, kafaɗarsa ta yi kanta saboda buhu. Inna da ta hango shi sai ta juya ta shige gida, don ita ma ɗan farinta ne, ta zuba fura mai kauri da ta ɓoye a ƙwarya ta ce in kai wa "baƙon nan".

Yaya ya sauke ɗansa, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin tabarmar Baba.

"Baba, barka da yamma. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya. An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Madalla."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Idon Baba yana ƙasa. Sai ya jawo jikan ya ɗora a cinya, yana shafa kansa, yana tsokanarsa wai ya zo ƙwace masa mata, yana ba shi fura a baki. Duk abin da bai iya yi wa ɗan ba, a kan jikan ya sauke shi. Da abokan Yaya suka ja shi cikin fili makaɗi ya kama takensu na samartaka, a lokacin ne Baba ya juya tabarmarsa ya fuskanci rawa. Na yi farin ciki ranar nan irin wanda na manta akwai shi. Na ɗauka an gama.

Da safe na zo na tarar Yaya yana ɗaure ƙunshinsa. Na ja hannunsa zuwa bayan ɗakin Inna na nuna masa rumbun, baki a buɗe, ciki wayam. Jan kunnen Baba bai dame ni ba.

"Furar da ka sha jiya ke nan," na ce. "Kana tsammanin don 'yan gaɗa ya yi?"

Ya leƙa rumbun, ya daɗe kansa yana ciki. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Huseina, a gaban masallaci ya nuna min hanya. Ban ce ya ba ni haƙuri ba, uba ba ya ba ɗa haƙuri. So nake kawai ya ce min zauna. Kalma ɗaya. Wallahi in ya faɗa, yau zan koma in kwaso iyalina."

Na ruga zaure. Baba yana zaune yana tufka igiya. Na durƙusa na faɗa masa, na roƙe shi, har na ɗaga murya yadda ban taɓa yi masa ba. Bai tsawata min ba. Ya ce a hankali, "Ya ga rumbun?" Na ce ya gani. Ya ce, "To me ya rage in faɗa?"

A wajensa ya riga ya yi magana da murya mafi ƙarfi da yake da ita. A wajen Yaya kuma ba a ce komai ba. Har yau in na tuna, haushinsu su biyun nake ji, kuma tausayinsu su biyun yake kama ni.

Yaya ya shigo sallama. Ya durƙusa ya ce, "Baba, zan koma." Bai tashi ba. Ya zauna a durƙushe yana jira. Na ga bakin Baba ya motsa, hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Sannan ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Damina ta gaba ta zo da wuri, ta kuma zo da kyau. Gari ya fita shuka, gonar Baba tana kwance ba kowa, a nan asiri ya tonu. Maƙwabta suka riƙa zuwa da ɗan abin da suka rage a gefen riga, ya shuka kusurwa ɗaya da shi. Ana cikin haka wata a-kori-kura ta tsaya a bakin hanya, direban ya sauke buhu ya ce na Malam Iliya ne, daga Bacirawa. Baba ya fito da sauri ba hula. Bai dubi buhun ba, motar yake kallo, yana bin masu saukowa ɗaya bayan ɗaya har ta zama ba kowa.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan, Baba. Ya ce a gaishe ka, ya ce iri ne mai kyau."

Iri ne mai kyau kuwa. Shi da mijina suka shuka, aka yi amfanin da aka daɗe ba a gani ba, rumbuna suka cika. Yaya ya fara zuwa gaisuwar Sallah, ya durƙusa, a ce an zo lafiya, a ce madalla, ya juya a ranar. Bai sake riƙe fartanya a gandun ba. Baba ya ci gaba da noma shi kaɗai har ƙarfinsa ya ƙare, ba a kuma sake jin labarin Japan a bakinsa ba.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Wata safiya da na ga numfashinsa ya sauya, na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Baba, a aika a kira Yaya?" Magana ta riga ta yi masa wuya. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa don kada in ce ban gani ba. Mijina ya ari babur ya tafi. Kafin su iso an yi masa wanka.

Na tari Yaya a zaure. Ya dube ni ya gane, ya zauna a ƙasa daɓas da takalmansa a ƙafa.

"Shi ya aika a kira ka," na ce.

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Kai ya gyaɗa. Sau biyu."

Yaya Khalilu ya rufe fuska da hularsa. "Ya isa," ya ce, "ya isa." Sai ya fashe da kuka, mutum mai furfura a gemu, har maza suka shigo suka ɗaga shi don a samu hanyar fitowa da makara.